Giɓin kasafin Jihar Bauchi: daga ina yake fitowa, kuma wa ke biyansa?

Duk ƙarshen shekara gwamna kan je zauren majalisar dokoki ya gabatar da kasafin kuɗin shekara mai kamawa. Gidajen rediyo su ɗauki jimillar, su ce biliyan kaza ne, ilimi ya samu kashi kaza, lafiya kashi kaza, washegari kowa ya koma harkarsa. Abin da ba kasafai ake karanta wa jama'a ba shi ne layin da ke can ƙasa, inda aka rubuta cewa abin da za a kashe ya fi abin da za a samu, kuma da rance za a cike tsakanin. Wannan tazarar ita ce giɓin kasafi. Ba Bauchi kaɗai ke fama da shi ba, yawancin jihohin ƙasar nan haka suke tafiya, har ita kanta gwamnatin tarayya. Amma na gida ne ya dame ni, don a nan nake ganin waɗanda abin ke faɗo wa a ka.

Idan ka tambayi jami'in gwamnati dalili, amsar ba ta wuce ɗaya: jihar ba ta da ƙarfi, abin da ke zuwa daga Abuja ba ya isa. Ban ce ƙarya ba ne. Sai dai a nawa ganin, ƙarancin kuɗi ba shi ne tushen matsalar ba. Tushenta shi ne gwamnatocinmu, wannan bayan wannan, suna ɗaukar wa jiha alkawuran da dole a biya su kowane wata, a kan kuɗin da ba su da iko da zuwansu balle yawansu. Kuma tun ranar da ake rubuta kasafin, masu rubutawar sun san ba za a iya cika shi ba.

Giɓin iri biyu ne. Akwai wanda gwamnati ta amsa da bakinta, ta rubuta shi, ta ce za ta ciwo bashin banki ko na Bankin Duniya ta cike. Wannan ko ba komai ana ganinsa, majalisa ta sa masa hannu. Na biyun shi ne mai cizo. A takarda an ce za a samu naira 100, za a kashe 120, giɓi 20 ke nan. Shekara ta ƙare, ashe 70 ce ta shigo. Ainihin giɓin ya zama 50, kuma 30 daga ciki babu wanda ya ambace su a majalisa, babu bankin da ya ranta su. Ba a cike su da komai. Wasu mutane ake hana wa haƙƙinsu har lissafin ya daidaita, kuma zan zo kan ko su wane ne.

Mu fara da inda kuɗin ke fitowa. Kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 suna hallara a zaman kwamitin rabon arzikin ƙasa, wato FAAC. Bayan an cire wa jihohin da ake haƙo mai kashi 13 cikin 100 na kuɗin ma'adinai, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68, jihohi su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Abin da zai faɗo wa Bauchi daga kason jihohi ya danganta da raba-daidai, da yawan jama'a, da faɗin ƙasa, da wasu ma'aunai ƙanana. Ƙidayar ƙarshe da aka yi ma tun 2006 ce, lokacin da aka ce mu mutum miliyan 4.6 ne; yaran da aka haifa a shekarar yau sun isa kaɗa ƙuri'a. A duk wannan lissafin babu abu guda da ke hannun gwamnan Bauchi. Farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya, da yawan gangunan da aka haƙo ko aka sace a yankin Neja Delta, da abin da kamfanin mai na ƙasa ya zuba a asusun tarayya, su ne ke yanke ko albashin malamin firamare a Zaki ko Bogoro zai fito a kan lokaci.

Mun ɗanɗana wannan. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, cikin Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Ma'aikata a jihohi da dama, har da tamu, suka yi ta jiran albashi wata da watanni. Sai da gwamnatin Buhari ta ba jihohi rancen ceto a 2015, ta ƙara da rancen tallafa wa kasafi a 2016, sannan aka shiga rabon kuɗin Paris Club, wato mayar wa jihohi abin da aka zare musu fiye da ƙima wajen biyan bashin ƙasashen waje. Mutane da yawa sun ɗauka kyauta ce duka. Rancen ceton bashi ne mai tsawon shekaru, kuma daga kason jiha ake zare shi. A 2020 annobar korona ta sake karya farashin mai, jihohi suka koma suka rage kasafinsu a tsakiyar shekara.

Da ƙarancin kuɗin Abuja ne kaɗai ciwon, da 2023 ta kawo magani. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka cire tallafin man fetur, cikin Yuni aka saki naira ta nemo darajarta a kasuwa, kason jihohi a lissafin naira ya yi tsallen da ba a taɓa gani ba. Gaskiya ne tsada ta cinye kaso mai yawa na ƙarin. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, siminti da rodi da man dizal suka yi tashin gwauron zabo, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Duk na yarda. Amma kasafin jiharmu da yake kimanin naira biliyan 200 a 2023 ya koma kimanin biliyan 300 a 2024, ya haura biliyan 460 a 2025, kuma layin rance bai fita daga ciki ba. Kuɗi sun ƙaru, alkawura sun fi su gudu. Wannan kaɗai ya ishe ni hujjar cewa ko a ninka mana kason sau uku, muddin salon rubuta kasafin bai sauya ba, giɓin zai biyo mu.

Yadda ake rubutawar kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa aiki a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata. Kowace ma'aikata da hukuma ta kawo jerin buƙatunta. A haɗa, a ga sun ninka abin da ake da shi. A nan ya kamata a zauna a yi yankan da zai ɓata wa wasu rai, a ce wannan bana, wannan sai baɗi, wannan ma ba za a yi ba. Maimakon haka sai a koma ɓangaren kuɗin shiga a ja shi har ya kai. A rubuta tallafin ƙungiyoyin waje da ba a ma sa hannu a yarjejeniyarsa ba. A rubuta kuɗin da ake sa ran gwamnatin tarayya za ta mayar na aikin da aka yi mata. A ɗora wa hukumar tara haraji adadin da ba ta taɓa kusantarsa ba. Takarda ta isa majalisa, 'yan majalisa 31, kowanne da mazaɓarsa da mutanen da ke jiran su ji sunan garinsu a kasafi, sai a ƙara nan a ƙara can. Kowa ya fita da murna, don babu wanda aka ce wa a'a.

Illar wannan ta wuce lissafi, kuma ita ce abin da na fi so mutane su lura da shi. Idan aka amince da ayyuka 120 alhali kuɗin 70 ne za su shigo, dole wani ya zaɓi waɗanda za a yi. Wannan zaɓin ba a zauren majalisa ake yinsa ba, ba a gaban 'yan jarida ba. A kan tebur ake yinsa, fayil bayan fayil, wanda aka sa wa hannu ya samu kuɗi, wanda ba a sa wa ba ya kwana. Kasafin gaskiya ya koma jerin takardun da suka samu sa hannu. Mai uwa a gindin murhu aikinsa ya fita. Asibitin ƙauyen da ba shi da kowa a sama kuwa, sunansa na cikin kasafi bana, yana ciki baɗi, yana ciki shekarar gaba, ko bulo ɗaya ba a aza ba. Shi ya sa ba na ɗaukar kumbura kasafi a matsayin kuskuren ma'aikatan lissafi. Hanya ce da ikon raba dukiyar jama'a ke sulalewa daga hannun wakilansu, kuma wakilan da kansu ke sa mata hannu.

Sai kuɗin shiga na cikin gida, waɗanda su ne jiha ke da iko da su. A 2023 abin da Bauchi ta tara kimanin naira biliyan 30 ne, a shekarar da Legas ta tara sama da biliyan 800. Ba na cikin masu kafa mana hujja da Legas. Can tashar jiragen ruwa take, can hedikwatar bankuna da manyan kamfanoni suke, ma'aikatansu can suke biyan haraji. Doka ma ta riga ta ware: harajin ribar kamfanoni asusun tarayya yake tafiya, ma'adinan ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya suke. Babban abin da ya rage wa jiha shi ne harajin da ake cirewa daga albashi, kuma a wurinmu masu albashin akasarinsu ma'aikatan gwamnati ne. Wato kaso mai tsoka na abin da muke kira kuɗin cikin gida, kuɗin Abuja ne da suka shiga aljihun ma'aikaci suka dawo. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara, abin da na goyi bayansa ɗari bisa ɗari, amma dole jiha ta san wannan ƙofar ma ta ƙara tsukewa, ko da yake kason jihohi na harajin VAT ya tashi daga kashi 50 zuwa 55.

To amma wanda ya taɓa cin kasuwar Alkaleri, ko ta Soro, ko Mararrabar Liman Katagum, ko ya ga lodin hatsi da riɗi a Azare, ba zai yarda a ce masa babu dukiya a Bauchi ba. Kuma ba zai yarda a ce talaka ba ya biyan komai ba. Na tsaya a wata kasuwar dabbobi ina kallon wani dattijo da ya kawo bijimi ɗaya. A bakin shiga an karɓi kuɗi. Da aka yi ciniki an karɓa. Wanda ya saya ya biya na lodi, direban ya biya na fita, kuma ya san akwai shingaye a gabansa kafin ya bar jihar. A cikin masu karɓar, mutum ɗaya ne na ga ya yago rasit, shi ma guntuwar takarda ce da tambarinta ya kusa gogewa, ba lamba, ba kwanan wata. Dattijon ya ninke ta ya sa a hula. Bai tambayi inda kuɗin za su ba, don ya san babu mai ba shi amsa. Irin waɗannan kuɗin ana karɓarsu duk ranar kasuwa a faɗin ƙananan hukumomi 20, kuma tsakanin hannun mai karɓa da asusun gwamnati akwai hannaye da yawa. Matsalarmu ba ta ƙin biya ba ce kawai. Wanda ba shi da ƙarfi yana biya sau uku kuɗin ba su isa inda ya kamata ba, mai jerin shaguna da gidajen haya a tsakiyar gari kuma sai ya shekara goma ba a tambaye shi kuɗin ƙasa ba.

Iyayenmu sun san wani tsari daban. Zamanin En'e, haraji da jangali ake tarawa ta hannun masu unguwanni da dagatai da hakimai, su shiga baitulmali, daga nan a biya malamai da 'yan doka da ma'aikatan asibiti. Ba na kewar wannan zamanin, an yi zalunci a cikinsa, mutane sun bar garuruwansu saboda haraji, kuma ba banza ba jama'a suka yi murna lokacin da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke shi a 1979. Amma akwai abu guda da ya tafi tare da shi. Hukumar da ke ci daga gumin manomi dole ta damu da damina, da lafiyar shanu, da hanyar kasuwa, don idan manomi ya faɗi ita ma ta faɗi. Gwamnatin da ke jiran saƙon banki daga Abuja ba ta da wannan tilas ɗin. Shi ma talaka, tunda yana ganin kuɗin mai ne ba nasa ba, sai ya daina tambaya.

Kadarorin da ya kamata su riƙa kawo wa jiha wani abu kuwa labarinsu gajere ne. Kamfanin haɗa motoci na Steyr da kamfanin nama sun daɗe da zama tarihi a bakin dattawan gari. Yankari, da jiha ta karɓo daga gwamnatin tarayya a 2006, da giwayenta da ruwan ɗumin Wikki, wuri ne da wata ƙasar za ta riƙe gari guda da shi, mu kuwa har yanzu ba mu ci moriyarsa yadda ya kamata ba. Man Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022 a kan iyakarmu da Gombe, Allah ya tabbatar da alherinsa, amma kada kowa ya ci bashi da sunansa kafin a ga ganga ta farko a kasuwa.

A ɓangaren kashewa, ma'aikata ake fara nunawa da yatsa, a ce albashi ya cinye komai. Wannan maganar tana ɓata mini rai. Jihar da azuzuwanta ke cike maƙil da yara malami ɗaya, jihar da mace mai naƙuda ke yin tafiyar kilomitoci kafin ta samu ungozoma, ba za a ce ma'aikata sun yi mata yawa ba. Abin da ya yi yawa shi ne sunayen da ke karɓar albashi ba aiki. Kusan kowace gwamnati da ta zo sai ta yi tantance ma'aikata, ta sanar da gano na bogi, ma'aikatan gaskiya su sha layi da rana, wasu a tsayar musu da albashi bisa kuskure. Abin da ba mu cika ji ba shi ne an gurfanar da wanda ya shigar da sunayen. Sunan bogi ba ya rubuta kansa. Muddin mai rubutawar yana kan kujerarsa, bayan shekara biyu sunayen za su dawo.

Sannan ga nauyin mulkin kansa: kwamishinoni, masu ba da shawara, manyan mataimaka na musamman, mataimaka na musamman, shugabannin hukumomi da mambobinsu, kowanne da mota da mai da alawus da tafiye-tafiye, ga kuɗin tsaro da ba a bin ba'asinsu. Kowace sabuwar hukuma da aka ƙirƙira rana ɗaya ake bikinta, amma biyanta har abada ne. Kafin 1976 gwamnati ɗaya ce ke riƙe da duk Arewa maso Gabas, yau shida ne. A 1996 aka cire Gombe daga Bauchi, inda ake da gidan gwamnati ɗaya da majalisa ɗaya suka zama bibbiyu. Na fahimci 'yan'uwanmu masu neman Jihar Katagum, kukansu na nisa da gwamnati gaskiya ne. Sai dai ina so duk mai wannan fafutuka ya zauna da alƙalami ya lissafa nawa sabuwar jiha za ta kashe a kan masu mulki kafin ta sayi allo ɗaya.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba na cikin masu cewa gwamnati kada ta ci bashi sam. Rancen da aka gina madatsar ruwa da shi manoma suka yi noman rani, ko hanyar da ta fito da amfanin gona daga lungu, zai biya kansa. Abin dubawa shi ne sharuɗɗan da kuma abin da aka yi da kuɗin. Bashin waje da dala ake biyansa. A farkon 2023 dala ɗaya kimanin naira 460 ce a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Bashin dala miliyan ɗaya da yake naira miliyan 460 ya koma sama da biliyan ɗaya da rabi, ba tare da an ƙaro ko sisi ba. Na cikin gida kuma, a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke bayarwa. Yawancin irin waɗannan basussukan tun daga tushe ake zare su, kafin kason wata ya iso asusun jiha. Don haka giɓin bara yana cin kuɗin bana, giɓin bana ya tilasta sabon rance, wanda zai ci kuɗin baɗi. Gwamna wa'adinsa shekara 4 ne ko 8, bashin kuwa sai ya kai 20. Wanda ya ci ya yanke kintinkiri ya tafi, wanda ya gaje shi ya tarar da asusu a ɗaure, shi ma ya ciwo nasa don ya samu abin nunawa kafin zaɓe.

Daga nan ake samun ayyukan da aka yi watsi da su. Sabuwar gwamnati ba ta son ƙarasa na tsohuwa, don sunan wani ne a kai. Gini ya tsaya a linta, damina biyar ta dake shi, ranar da aka waiwaye shi ɗan kwangila ya kawo sabon farashi ninki uku. Wanda aka gama ma, sau da yawa ba a yi lissafin riƙe shi ba. An gina asibiti, ba a tanadi albashin likita da man janareta da magani ba.

Yanzu ga waɗanda ke biyan giɓin da ba a rubuta ba. Na farko tsofaffin ma'aikata. Akwai wani maƙwabcinmu, malamin makaranta ne da ya yi shekara 35 yana koyarwa. Ranar da ya ajiye aiki ya riga ya tsara abin da zai yi da giratutinsa: ya rufa ɗakuna biyun da ya fara, ya aurar da 'yarsa, saura ya ja jari. Takardunsa suna cikin wata jakar leda da ya lulluɓe da tsohuwar jarida don kada ruwa ya taɓa su. Yakan saka farar rigarsa ta Juma'a ya hau acaɓa ya tafi ofishin da ke kula da su, yaran da wataƙila shi ya koya musu karatu su miƙe su gaishe shi, su ce, "Baba, a ƙara haƙuri, ba a saki kuɗi ba tukuna." Ba laifinsu ba ne, su ma ba su da abin ba shi. Shekaru sun wuce, kuɗin da a lokacin za su rufa ɗakunan nan yau ko kwanon ɗaki ɗaya ba za su saya ba. Wannan bawan Allah ya ba gwamnati rance ne ba da son ransa ba, ba kuɗin ruwa, ba ranar biya, kuma kullum darajar abin da yake bi tana narkewa. Irinsa suna da yawa, wasu sun rasu magada ke yawo da fayil.

Bayansu sai ƙananan 'yan kwangila, wanda ya ciwo bashi ya kawo kujerun makaranta ko ya yi kwalbati, ya gama aiki aka ba shi takardar shaida, kuɗi shiru. Da yawa sun karye a haka. Waɗanda suka tsira sun koyi darasi, suna ninka farashi tun farko saboda jiran da za su yi, gwamnati ta koma tana sayen komai da tsada. Sai kuɗin gudanarwa na makarantu da asibitoci, waɗanda su ake fara tsukewa don babu mai zanga-zanga a kansu: shugaban makaranta ya sayi alli da kuɗin aljihunsa, majinyaci a rubuta masa har safar hannu ya sayo. Sai ƙananan hukumomi, da kuɗinsu ke bi ta asusun haɗin gwiwa, wanda ya daɗe yana zama wurin da jihohi ke jingina idan sun matsu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Duk jihar da ta saba toshe ɓarakarta da wannan asusun, ranar da aka aiwatar da hukuncin sosai za ta ga ainihin girman giɓinta.

Mu ma jama'a da namu hannun a ciki. Gadar sama muke tafa wa, don ana ganinta, ana ɗaukarta hoto. Gwamnan da ya ce bana ba zai fara sabon aiki ba, zai biya giratuti ya ƙarasa gine-ginen da ya tarar, cewa za mu yi bai yi komai ba. Muna zagin yawan masu muƙamai, amma idan ɗan unguwarmu bai samu ba mu ce an ware mu. Muna neman kujerar Makka da buhun shinkafar azumi daga gwamnati, ba ma tambayar daga wane layi na kasafi aka ciro su. Ɗan siyasa yana karanta abin da ke kawo ƙuri'a, kuma abin da muka nuna masa ke nan.

Abin da ya sauya, wanda ya kamata mu yi amfani da shi, shi ne takardun yanzu a fili suke. Tun shirin Bankin Duniya da aka fara a 2018 don gyara harkar kuɗin jihohi, jihohi suna wallafa kasafinsu a intanet, da rahoton yadda aka aiwatar da shi duk wata uku, da rahoton babban mai binciken kuɗi. Ofishin kula da basussuka na ƙasa yana fitar da abin da ake bin kowace jiha. A rahoton wata ukun nan akwai shafin da ke nuna abin da aka ce za a samu da abin da aka samu, abin da aka ware wa kowace ma'aikata da abin da aka sakar mata. Ɗalibin lissafi a jami'ar Gadau ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa zai iya zama da wayarsa ya fitar da giɓin gaskiya cikin yini guda, gidajen rediyonmu kuma su karanta shi da Hausa da Fulatanci kamar yadda suke karanta jimillar ranar gabatarwa.

Daga majalisa kuwa abu biyu nake nema, kuma ba sa buƙatar izinin Abuja. Kada su amince da hasashen kuɗin shiga da ya zarce abin da aka tara a zahiri bara, sai da hujja a rubuce. Tallafin da ba a sa wa hannu ba kada ya shiga lissafi. Sannan duk giratuti da kuɗin 'yan kwangilar da ake bin jiha a rubuta su a kasafi da sunan bashi, daidai da na banki, a ware musu kaso kowane wata, a biya bisa jerin ranar da mutum ya ajiye aiki ko ya gama kwangila, a manna jerin inda kowa zai ga lambarsa. Kasafin da zai fito daga wannan zai yi ƙanƙanta, wasu garuruwan ba za su ji sunansu ba a shekarar, kuma 'yan majalisar za su sha tambaya a mazaɓunsu. Su amsa ta, aikin da aka zaɓe su su yi ke nan.